Akwatunan Kawu da Igiyar Tashar Shinkafi

Allah da ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa wata Talata bayan sallar asuba, a gidansa na Ƙaura. Allah ya haskaka makwancinsa.

Ban samu jana'izarsa ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ƙanwarsa ce ciki ɗaya, ita ma ba ta ga fuskarsa ba kafin a fita da shi. Ni na hana. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin shi ne zancen da ake yi a wurin makoki duk lokacin da na ba da baya.

Mutane sun zo. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin titi. Direbobin Zurmi sun zo, na Moriki sun zo, tsofaffin ɗalibansa na Foli, kwalejin kimiyya da fasaha, sun zo da fararen kaya suna ta ba da labarin faɗan da ya sha yi musu. Mai shayin tasha ya zauna can gefe yana kuka kamar mace, ya ce ba wanda zai ƙara dawo masa da shayi don ya yi sanyi. Matar Kawu ta aiko mini da ruwa, amma da na shiga gaishe ta ƙasa take kallo. Wani direba, da ya zaci ba na ji, ya ce wa na kusa da shi, "Ga shi can, wanda na'ura ta fi uwa tai."

Ciyaman, shugaban ƙungiyar direbobin tashoshinmu uku, taubashin Kawu ne. Sun shekara sittin suna zagin juna. Shi ya fi kowa jan ido a ranar. Amma da ya share hawaye sai ya ce, kowa yana ji, "Mai akwati ya tahi. Bayan addu'ar bakwai za mu zamna. Dokar da ta hana tsohuwa ganin ɗan'uwanta ba ta kwana cikin ƙungiyata."

Dalilin wannan rubutu ke nan. Na ga ana shirin binne aikin mutum tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma da sunan uwata za a yi.

Ni ne mai igiyar ƙofar tashar Shinkafi. Idan na kwance, mota ta fita. Idan ban kwance ba, ko an gama lodi, sai a kashe inji. Abin da ke gaya mini in kwance ko in bari, akwatin Kawu ne.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a ma'aikatar tarho, zamanin da ake haɗa kira da hannu. Daga baya ya koyi kwamfuta, ya koyar da ita a Foli har ya yi ritaya. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai goro da ƙaramin sukundireba, kuma sau da yawa wanda ya roƙi goro sukundireba yake miƙa masa don hankalinsa yana wani wuri. Idan ya aike ka, sai ka maimaita masa aiken. Idan ka dawo ka ce ka faɗa, sai ya ce, "Shi mi ya ce?" Idan ka ce bai ce komai ba, sai ka koma. Matarsa ta ce ko gishiri ya aika a karɓo haka yake yi.

Da hanya ta lalace, ɓarayin daji suka fara tare motoci, direbobi da kira suka fara. Na Shinkafi ya kira na Ƙaura ya tambayi labari. In sabis ya ɗauke, shi ke nan, sai a ce bismilla a shiga. Daga nan aka buɗe guruf a waya. Sai ya zama kowa mai ba da labari ne. Muryar da aka ɗauka makon jiya ta sake yawo yau, mutane su watse a banza. Ga infoman ɓarayi a ciki yana saurare.

Kawu ya daɗe yana zuwa tashar Ƙaura ya zauna a benci, yana shan shayi yana kallo, bai ce komai ba. Ranar da ya yi magana ina wurin. Ya ce kira kamar sallama ne a ƙofar gida, sai mai gida yana nan take da amfani, in ba ya nan ka yi tsayuwar banza. Guruf kuwa kasuwa ce ranar ci. Ya ce zai haɗa mana na'urorin da za su riƙa magana da juna.

Ciyaman ya yi murna, ya ce, "Yawwa, tsohon banza, yau dai karatunka ya yi rana. Kwamfuta guda za a aje nan ofishina, babba, mai gilashi. Shinkahi ta tambaye ta, Zurmi ta tambaye ta."

Kawu ya ce, "In sabis ɗin Ƙaura ya ɗauke fa?"

"Su jira."

"In ka jona fanka ga batir kana barcin rana, ya mutu fa? Garuruwa uku su makance don kana jin zuhwa?"

Tasha ta ɗauki dariya. Ciyaman ya ce, "Ni ka raina? Ni na goya ka ranar da kare ya bi mu!"

"Ka goya ni ka yar a rami. Kai dai so kake ko na'ura ce ta zo ta durƙusa ta gaishe ka."

Sun yi kwanaki ba su gaisa ba. Ciyaman ya hana shi bencin, Kawu ya zo da kujerarsa daga gida.

A ƙarshe na Kawu aka yi. Akwati uku, kowanne bai fi kwalin sabulu ba, da sim da batirin sola da ɗan gilashin karatu. Ɗaya a Ƙaura, ɗaya a Zurmi, ɗaya a wurina. Ba babba a cikinsu. Kowace tasha tana ba da shaidar nata gefen hanya, daga bakin direban da ya iso da mutanen ƙauyukan bakin titi da muka amince da su. Ka rubuta, akwati ya riƙe. Sabis ya leƙo ko na ƙiftawar ido, ya tura. Wancan akwatin ya maido da amsa cewa ya karɓa. In amsa ba ta zo ba ya sake turawa, kuma kowane saƙo yana da lambarsa, don kada mota ɗaya da ta iso ta zama biyu a lissafin na'ura. Kawu bai ce a yar da kira ba. Ya ce in mace ce a kan gwiwa ko an harbi mutum, a kira, a yi ta kira, wannan ba ya jiran akwati. Amma labarin hanya, wanda tasha uku suke bukata ko mai ɗaukar waya yana masallaci, a ba akwati.

Direbobi sun so a sa murya. Ya ƙi. Ya ce, "Murya buhu ce, rubutu ƙunshin goro. Sabis ɗinmu gurgun jaki ne, wanne za ku aza mishi?"

Nan tawa ta taso, domin ban iya karatu ba. Na ce ya sa mini fitila kawai, kore da ja. Ya sa. Amma ya ce, "Ɗan ƙanwata, hurhura ta fara yi maka sallama, kana jiran hitila ta yi maka tunani?" Shi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da kansa, ya zauna a bayan aji ranar farko don kada in gudu. Bayan nan kullum da safe sai saƙo ya shigo akwatina daga Ƙaura, ba na hanya ba, nawa. Na farkon da na karanta ni kaɗai, na daɗe ina haɗa baƙaƙen, ina gumi, fasinjoji suna kallona. Cewa ya yi: "Ciyaman ya ƙara ƙiba." Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Sai ranar da akwati ya yi kisa.

Zan faɗe ta yadda take, domin masu son a cire dokar sun manta daga ina ta fito. Da safe na Zurmi ya rubuta cewa hanya lafiya. Gaskiya ya rubuta. Sabis ya ɗauke kafin saƙon ya fita. Akwati ya yi abin da aka koya masa, ya riƙe. Bayan la'asar sabis ya dawo, ya tura. Fitilar Ƙaura ta yi kore, aka kwance igiya, bas ta fita cike. Labarin safe ne ya shigo da rigar yamma. Aka tare su a daji. Direban da yawancin fasinjojin sun dawo bayan wahala mai tsawo. Wani mai albasa bai dawo ba.

Washegari na je Ƙaura. Na tarar direbobi sun taru, ɗaya riƙe da ƙarfen taya, za a fasa akwati. Kawu ya shiga tsakaninsu da shi, tsoho siriri, hularsa a karkace. Wani ya ce laifin sabis ne. Ya ce, "A'a. Sabis ya saba ɗaukewa, na sani tun ina haɗa abin ga. Ni na koya mishi riƙon amana, ban koya mishi labari na tsuhwa ba. Ni na kashe mai albasa, ba akwati ba." Ya juya ga mai ƙarfen. "Ka hwasa. Amma ka gaya min wurin wa za ku koma. Guruf?"

Ba wanda ya ɗaga hannu.

Ya tafi gidan mamacin shi kaɗai. Yayan mamacin ya ƙi karɓar hannunsa. Kawu ya zauna a bakin tabarma, can ƙarshe inda takalma suke, ya yini. Ya koma washegari. Ban san abin da suka ce da juna ba, bai taɓa faɗa ba. Na dai ga mutumin nan a wurin makokin Kawu, ya zo ya yi addu'a ya tafi bai ci abinci ba.

Bayan nan Kawu ya kwashe akwatunan ya kai ɗakinsa, ya sake musu hali. Labarin alheri ya zama kamar madarar shanu, ba ya jimawa. Idan ya wuce ɗan lokacinsa, ko a hanya ya tsufa, akwati ya zubar da shi, fitila ta mutu. Labarin sharri kuwa yana nan da jar fitilarsa har sai mutum ya cire da hannunsa. Kuma idan fitila ta mutu, ba kore ba ja, igiya tana nan a ɗaure. Wannan ita ce dokar. Yakan ce, "Shiru ba lahiya ba ne. Shiru, ban sani ba ne."

An tsane shi a kan wannan. Akwai ranar da tumatir ya ruɓe a bayan mota, akwai ranar da aka ɗaura aure ango yana zaune a tasha. Kuma yawancin ranakun nan, da labari ya zo, sai a ji ba komai a hanyar. Direbobi suka riƙa kiransa Sarkin Jira. Ciyaman ya ce masa, "Akwatinka matsoraci ne awa mai shi." Kawu ya ce, "Awo. Shi ya sa mu biyun muke da rai, kake samun wanda za ka zaga." Duk fasinjan da dokar ta tsare a Ƙaura har rana ta faɗi, in ba shi da masauki, Kawu yakan tasa shi gaba zuwa gida. Maza a zaure, mata wurin matarsa. Tana mita tana ƙara gari a tukunya. Yakan ce mata, "Ni na tsare su, ni ka ciyad da su."

To, ranar Talatar. Babban ɗan Kawu ya kira ni da sassafe ya faɗa mini. Na je na gaya wa Inna. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe adakarta ta ɗauko wata 'yar kwalbar turare. Ashe sun yi alkawari ita da yayanta, wanda ya riga tafiya ɗayan zai zuba masa a likkafani da hannunsa. Aka cika mota da dangi, ita a gidan gaba.

Na shiga na duba akwati. Fitila a mace. Gefenmu lafiya, na sani. Gefen Ƙaura ba labari, domin mai kula da akwatin can ya rufe ɗaki ya tafi maƙabarta haƙar kabarin Kawu, maigidansa. Na kira shi, ba ya ɗauka. Na kira ɗan Kawu.

Ya ce, "Ku taho mana, lahiya lau, ana jiranku!"

Na ce, "Kana ina?"

"Ina zaure."

"Wata mota ta shigo daga wajen Moriki ka ji bakin direbanta?"

Ya ce, "Haba yaya, yau ma?"

Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai ta bakin wani. Ranar nan ta sauke gilashin mota ta dube ni cikin ido, ta ce, "Kwance igiyar."

Na durƙusa a gefen ƙofar. Na ce, "Inna, Ƙaura ba ta yi magana ba."

"Ni na yi magana."

Direban ya ce shi ya yarda, zai shiga. Kowa ya sa baki, har mai sayar da rake. Na dubi motar. Ƙannena mata biyu, da jariri, da surukina. Na san idan na kwance don uwata, gobe kowane direba yana da uwa. Ban kwance ba. Wani mai babur ya ce zai kai ta ta bayan gari, amma ƙafafunta ba za su iya hawan babur ba. Ta ɗage gilashi. Haka muka zauna rana tana hawa, kwalbar tana hannunta.

Bayan azahar fitila ta yi kore. Muka shiga. Ba zan ɓoye ba, ko akuya ba ta tare mu ba. Hanya lafiya take tun safe. Mun iso an dawo daga maƙabarta. Inna ta miƙa wa matar Kawu turaren, ta shige ɗaki.

Masu zancena suna cewa, ai ga shi ba abin da ya faru. Gaskiyarsu. Ni ma ina cewa, ban san haka ba a lokacin, kuma su ma ba su sani ba. Ba na neman afuwar kowa a kan wannan, sai ta mutum ɗaya, ita ma ba cewa zan yi na yi kuskure ba.

Aka yi addu'ar bakwai. Da hantsi muka fito tashar Ƙaura za mu koma gida, shugabannin direbobi kuma sun taru a rumfa don zaman da Ciyaman ya kira. Sai ga shi sabis ɗin Shinkafi ya ɗauke, abokin aikina da na bar wa akwati ba a jin duriyarsa. Fitila a mace.

Ciyaman ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya nufi igiya da kansa, yana ɗaga murya don na rumfa su ji. "Ba a tsare ƙanwata sau biyu ina raye. Ga zaman namu nan, mun gama shi. Daga yau in akwati ya yi shiru, direba shi yi shawara da zuciya tai."

Ya kwance. Direba ya ta da inji.

Ƙofar gidan gaba ta buɗe. Inna ta sauko da ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar, ta dafa sandarta. Ta taka a hankali ta gaban motar har bencin mai shayi, ta zauna. Ita ma taubashiyarsa ce, ba ta jin nauyin bakinsa.

Ta ce, "Kai ƙaton banza. Yaushe na zama ƙanwarka? Da Yaya na da rai ka kasa kada shi, shi ne za ka ɗauke ni ka buge shi da ni yana kwance?"

Ciyaman ya ce, "Don ke hwa nike yi."

"Na aike ka? Hushina da ɗana nawa ne, a ɗakina zan yi shi. Ba na ƙungiya ba ne. Maida igiyar mutane."

Ya tsaya da igiya a hannu. Ya dubi rumfa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ku duka gidanku taurin kai gare ku. Shi ya mutu ma bai bar ni na huta ba." Ya ɗaure, ƙulli biyu, ya shige ofis ya rufe ƙofa. Zaman bai sake tasowa ba.

Na matso na durƙusa nesa kaɗan da bencin. Inna ba ta dube ni ba. Ta juya ga ƙanwata, yadda ta saba.

Ta ce, "Ki gaya wa wancan ban yahe ba tukuna. Kuma ki gaya mishi, ranar da tawa ta zo, in yana Ƙaura akwati ya yi shiru, kada shi zo. Ku binne ni. In ya kwance don gawata abin da bai kwance don Yaya ba, to nan ne ba ni yahewa har abada."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta maimaita mini, kuka ya hana ta. Na ce ta bari.

Ya Allah, ka gafarta wa Kawu, ka yafe masa mai albasa, ka sada su a inda ba a tare hanya. Ni kuma ka ba ni ƙarfin wannan ranar, domin na san halin sabis ɗinmu, na kuma san zan cika mata.